Hoton taurari a tafkunan Unyanga: me ya sa ruwan ke fitowa baƙi ƙirin?

Ɗan Damagaram

Assalamu alaikum, manyan sana'a. Shawara nake nema. Ana shirya tafiya tafkunan Unyanga da ke arewacin Chadi, waɗanda ake rubutawa Ounianga a taswira, cikin watan Disamba, kuma kwana uku za a yi a bakin ruwa. Hoto ɗaya nake hari: farar hanyar taurarin nan a sama, inuwarta kwance cikin tafki, dabino a tsakani. Kayan aikina Canon ce mai ƙaramin sensa, megafiksel 24, da lensi 18-55 da ta zo da ita, da ƙafa-uku marar nauyi, da batir biyu. Gwajin da na yi a bakin wani dam bai yi ba: taurari sun ja jela, sama ta yi yashi-yashi, ruwa kuwa baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya babu a ciki. Saiti ne matsalar ko sai na sauya lensi?

Duhun Wata

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar saiti tukuna, domin hoton da ka siffanta ba ya samuwa a Disamba ko da wace kyamara ka je. Ɓangaren hanyar taurarin da ya fi kauri da haske, wanda kake gani a hotunan mutane, rana tana zaune a kansa ne a tsakiyar Disamba zuwa ƙarshensa. Tare suke fitowa, tare suke faɗuwa. Sai cikin Fabrairu yake fara leƙowa gabanin asuba.

Unyanga tana kan digiri 19 arewa da tsakiyar duniya. A farkon Maris, cibiyar hanyar, wato ɓangaren nan mai kauri, tana fitowa wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, a ƙarshen Maris kuma wajen sha ɗaya da rabi, daga kudu maso gabas, kusan digiri 120 a kamfas. Kowane wata tana yin sammako da awa biyu. Idan ta kai ƙololuwa tana kudu sak, digiri 42 daga ƙasa. A Yuni da Yuli kusan dare duka tana sama, amma zafin Sahara a lokacin ba na wasa ba ne, ga shi sensa idan ta ɗumama yashi-yashinta ƙaruwa yake yi. Saboda haka ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ne ya fi dacewa da mai son wannan hoton a can. A manhajojin taurari irin su Stellarium za ka samu hanyar taurarin da sunan Milky Way. Larabawa na ce mata hanyar masu dakon ciyawa, wai kamar ciyawa ce ta riƙa zubewa a hanya, kuma wallahi sunan ya fi kama da abin da ido ke gani.

Sai wata. Nan mai bin kalandar Musulunci ya huta da lissafi. Tunda aikin na bayan tsakar dare ne, abin da kake so shi ne wata ya riga ya faɗi: daga daren 28 zuwa daren 7. A daren 7 yana faɗuwa tsakanin sha biyu da ɗaya, daga nan kowane dare yana ƙara jinkirin kusan minti 50, zuwa daren 10 ya cinye maka kusan duk duhun. Mutane da yawa na ɗauka duk daren da ya wuce 20 duhu ne. Da magariba haka ne, amma a Maris watan daren 21 zuwa 23 yana fitowa tsakar dare ya zauna daidai kan cibiyar da kake son ɗauka. Babu daren da ya fi wannan muni.

Akwai wata dabara a darare na 5 zuwa 7. Kana fuskantar kudu maso gabas, wata yana bayanka yana shirin faɗuwa, haskensa yana kwance kan tudun rairayi da dabino. Kafa kyamara, ɗauki hoton ƙasa da wannan hasken, kada ka taɓa ƙafa-ukun, jira watan ya faɗi sannan ka ɗauki sama. Ka samu ƙasa mai launi ba tare da ka haska tocila ba.

Hajiya Mai Lensi

Malam Duhun Wata ya gama da lokaci. Ƙanena, ga saiti, kuma lensinka zai yi aiki, sai dai za ka biya da haƙuri.

Jan jelar taurari daga tsawon buɗe shota ne. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a raba 500 da tsawon lensi. A Canon ɗinka sai an fara ninka 18 da 1.6, ya ba da kusan 29, sannan a raba, a samu sakan 17. Wannan ƙa'idar ta zamanin fim ce. A megafiksel 24, idan ka zuƙo hoton sakan 17 za ka ga taurarin sun zama kamar ƙwayar shinkafa. Tsaya a sakan 10 zuwa 13. Buɗin lensi a ƙarshensa, f/3.5, ISO (ma'aunin ƙara haske na sensa) 6400, a kan M, wato saitin hannu, kuma RAW, ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ba JPEG ba. Ma'aunin launi ka sa shi da hannu wajen 4000K, domin idan ka bar wa kyamara, kowane hoto da nasa launin zai fito, haɗa su ya zama wahala.

Fokas ne ke kashe yawancin hotunan dare. Mayar da lensi kan MF, wato fokas na hannu, kashe mai hana girgiza, kunna allon baya, nemo tauraro mai haske ka kawo shi tsakiya, zuƙo sau 10, ka juya zoben a hankali har ya ƙanƙance iyakar ƙanƙancewa. Alamar ka dace ita ce ƙananan taurarin da ba ka gani a da za su ɓullo a gefensa. Sai ka manne zoben fokas da na zuƙowa da salatif, saboda zoben 18-55 sako-sako ne, hannun riga ma na iya gusar da shi. Duk bayan awa ɗaya ka sake dubawa, domin sanyin dare na ɗan motsa gilashi.

Yashi-yashin kuwa ba rage ISO ne maganinsa ba. Wanda ya sauko 800 don tsoronsa, ya zo yana ɗaga haske a kwamfuta, ya fi shan wahala. Maganin shi ne tarawa: hoto 16 a jere, saiti ɗaya, ba tare da an motsa komai ba, sannan manhaja ta jera taurarin ta haɗe su. Hoto 4 na rage shi zuwa rabi, 16 zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sequator kyauta ce a Windows, masu Mac kuma suna da Starry Landscape Stacker. Kashe saitin nan na rage yashi a dogon hoto da ke cikin kyamara, domin bayan kowane sakan 13 sai ta sake ɓata wasu 13 tana ɗaukar duhu. Madadinsa, idan ka gama, rufe lensi da murfinsa ka ɗauki hoto 10 da saitin nan dai, manhaja za ta yi amfani da su ta cire ɗige-ɗigen ja da shuɗi na sensa. Kada ka danna da yatsa: ko rimot, ko jinkirin sakan 2.

Allon kyamara maƙaryaci ne da dare. Ido ya saba da duhu, sai hoton da ya yi duhu sosai ya yi maka kyau, da safe ka ga ba komai. Rage hasken allon zuwa ƙasa, ka duba jadawalin haske, zanen nan mai kama da tudu da kyamara ke nunawa: tudun ya rabu da bangon hagu, ya zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa.

Idan da halin saye, Tokina 11-16 f/2.8 ta dace da irin kyamararka, ko Samyang 14 f/2.8 mai fokas na hannu. In wanda aka taɓa amfani da shi za ka saya, gwada shi a kan taurari kafin ka biya, ka duba kusurwa huɗun hoton. Idan ɗaya ta fi sauran dishi-dishi, gilashin ciki ya karkace, bar musu kayansu.

Injiniyan Ruwa

Baƙin ruwan nan shi ne ainihin tambayar, kuma ba laifin kyamara ba ne. Ruwa ba madubi ba ne. Yawan hasken da yake mayarwa ya dogara ga yadda hasken ya faɗo masa. Tauraron da ke tsaye bisa kai, kashi 2 cikin 100 kacal ruwa ke mayarwa, sauran ya nutse. Wanda ke digiri 45, kusan kashi 3. A digiri 30, kashi 6. A digiri 20, kashi 13. A digiri 10, kusan 35. Wato idan ka jira cibiyar ta hau ƙololuwarta ta digiri 42, inda ta fi kyau a sama, inuwarta a ruwa ta fi ta duhu fiye da sau 30. Shi ya sa ka ga baƙi.

Lokacin inuwa shi ne sa'ad da abin da kake so yake tsakanin digiri 10 da 20, kusan awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi bayan fitowarsa. Miƙa hannu ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen digiri 10 ne. Dunƙule ɗaya zuwa biyu daga bakin sama, nan ne aikinka. Ƙasa da haka ƙura ta cinye taurarin.

Na biyu iska. A sakan 13, ɗan motsin da ido ba ya ma lura da shi ya isa ya shafe ƙananan taurari, manyan kuma ya ja su tsaye kamar kyandir. Iskar Unyanga daga arewa maso gabas take zuwa, ita ce ta turo harsunan rairayin nan da suka kutsa cikin tafkunan. Don haka gaɓar arewa da ta gabas su ne mafaka: iska ba ta samu filin da za ta tayar da ruwa ba tukuna. Allah ya taimake ka, daga gaɓar arewa kudu kake fuskanta, inda taurarin suke. Nemi lungu tsakanin harsunan rairayi biyu ko bayan ciyawar ruwa. Iskar hunturu a wannan yankin ta fi tsananta da hantsi, tana yawan lafawa a ƙasa cikin dare, saboda haka kada ka yanke ƙauna don ka ga tafki na tumbatsa da rana.

Sauke kyamara ƙasa. Ba ya ƙara wa inuwar haske, kamar yadda wasu ke faɗa, amma yana jawo ta kusa da kai. Tauraron da ke digiri 20, idan kyamara tana tsayin mita ɗaya da rabi, inuwarsa tana faɗawa kusan mita 4 gabanka. Idan ka sauke ta zuwa rabin mita, tana dawowa ƙasa da mita ɗaya da rabi. Ka ga ke nan ɗan kududdufin da ya kwanta luf a bakin gaɓa ya ishe ka, ba sai tafki duka ya natsu ba. Kada kuma ka sauya fokas zuwa kan ruwan don yana kusa. Inuwar tauraro nisanta ɗaya da tauraron.

Abin da Hajiya ba ta faɗa ba game da tarawa: taurarin sama suna hawa, na ruwa suna sauka. Manhaja za ta jera na sama, ta ɗauki ruwa a matsayin ƙasa, inuwar ta fito ja-ja. Sai ka yi aikin sau biyu. Karo na farko yadda aka saba. Karo na biyu ka kifar da hotunan duka, ruwa ya koma sama, ka nuna wa manhaja shi ne sama, ta jera, ka sake kifar da sakamakon ka haɗa da na farko. Idan taurarin ruwan sun yi kaɗan har manhaja ta kasa kama su, zaɓi hoto ɗaya da ruwan ya fi kwanciya ka yi amfani da shi. Na'urar bin taurari ma ba ta da amfani a nan, domin tana bin na sama ne, na ruwa kuma su ninka gudu.

Kuma don Allah a daina kwafo sama a kifa ta a kan ruwa. Ana ganewa nan take: inuwar gaskiya ta fi sama duhu, kuma tana ƙara duhu yayin da take matsowa kusa da ƙafarka.

Ɗan Damagaram

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Sai dai ba ni ke da ikon ɗage tafiyar ba, Disamba aka tsayar. Ke nan in bar kyamara a gida?

Duhun Wata

Haba, ina! Ka sauya abin da kake hari kawai. Ga mai son inuwa ma, Disamba ta fi sauƙi, domin manyan taurarin hunturu suna fita a ruwa fiye da hasken hanyar taurari mai laushi.

A tsakiyar Disamba, Suhailu, tauraro na biyu a haske cikin dare, yana kudu sak wajen sha biyu da rabi, digiri 18 daga ƙasa. Daidai awon da Injiniya ya bayar, kuma daga gaɓar arewa mai mafaka. Taurari ukun nan da ke jere, na ƙugun Oriyon, suna fitowa gabas da zarar duhu ya kama, amma ɗaukarsu a lokacin na nufin tsayawa a gaɓar yamma, inda iska ke tara igiyar ruwa. Bari sai wajen ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi na asuba, sa'ad da suka gangaro yamma, ka tare su daga gaɓar gabas. Kaza da 'ya'yanta tana gabansu dab da faɗuwa, Shi'ira wanda aka ambata a Suratun Najmi yana biye da su ta hagu.

Idan kwanakinku sun haɗa da daren 13 zuwa 14 ga Disamba, lokacin zubar taurarin Jeminid ne. Saita rimot ya yi ta ɗauka ba tsayawa, awa biyu ko uku, ka zaɓi waɗanda suka kama. Haka ma hoton zagayen taurari: sakan 30 sau 120, tazarar sakan 1, ISO 800, ya ba ka awa ɗaya. Tauraron arewa yana digiri 19 a can, ya fi na Kano da ke 12 tsayi, kuma wannan hoton bai damu da motsin ruwa ba.

Wani abu zai ruɗe ka. Kafin asuba za ka ga haske dogo ya miƙe daga gabas, siriri daga sama, kamar gari ne a bayan tudu. Ba gari ba ne. Alfijirin ƙarya ne da malaman fiƙihu ke kwatantawa da jelar kyarkeci, hasken rana ne ke bugun ƙurar da ke tsakanin duniyoyi. A birni ba a ganinsa sam, a Sahara kuwa har a ruwa yana fita. Ɗauke shi. Idan kuma ka ga kore-kore a ƙasan hoto, hasken iskar sama ne na halitta, kada ka goge shi da sunan gyaran launi. Cikakken duhu yana farawa kusan minti 75 zuwa 80 bayan faɗuwar rana, kusan lokacin isha'i, kuma layukan tauraron ɗan'adam sun fi yawa a awa ta farko bayan nan da ta ƙarshe kafin alfijir.

Direban Hamada

Ni maganar wurin zan ƙara. Tafkuna 18 ne a rukuni biyu, Unyanga Kabir da Unyanga Sakir, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2012. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai wuce milimita 2 ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa na dubban shekaru ne ke ciyar da su. Tafkin Yowa, wanda ke gefen garin Kabir, zurfinsa ya kai mita 27 kuma gishiri ne zalla. Teli, a rukunin Sakir, ya fi shi faɗi amma bai kai mita 10 ba. Da yawa daga ƙananan na Sakir ciyawa ta rufe samansu, don haka a duba da rana inda fuskar ruwa take a buɗe. A Yowa kuma a lura kada fitilun gari su shigo hoto.

Zaɓi wurin tsayawa tun da la'asar, da kamfas a hannu, ka aza duwatsu a matsayin alama. Gaɓar da ta yi ɓawon gishiri tana yaudara: sama busasshe, ƙasa taɓo. Ƙafa-uku tana nutsewa a hankali, hoto 16 su fito kowanne da nasa karkacewar. Sa guntun katako ko murfin gwangwani ƙarƙashin kowace ƙafa, danna su, jira minti biyar kafin ka fara. Kada ka zaro siraran sassan ƙafar na ƙasa, kada ka ɗaga sandar tsakiya. Jakar da ake ratayawa don ƙarin nauyi ta taɓa ƙasa, in ba haka ba iska ta mai da ita lilo. Da safe a wanke ƙafafun da ruwan daɗi, gishiri na cin makullansu.

A nan zan ɗan saɓa wa masu cewa a bar gilashin kariya a gaban lensi saboda rairayi. Da rana a bar shi. Da dare a cire, domin yana haifar wa manyan taurari tagwaye a hoto. Gilashi mai rage ƙyalli kuwa shi ne babban abokin gaba, aikinsa kashe inuwar ruwa ne. Hular lensi ta isa. Kada a sauya lensi a fili, sai cikin mota, gilasai a rufe. Rairayin da ya hau gilashi a hure shi da ɗan famfon roba kafin a goge, in an fara da ƙyalle an kankare shi ke nan. Raɓa ba ta cika damun mutum a can ba kamar yadda take yi a bakin Tiga ko Madarumfa bayan damina, amma a riƙa haska gaban lensi lokaci-lokaci. Idan taurari suka fara yin zobe kuma gilashi a bushe yake, ƙura ce a sama. Kwarin Bodele, inda mafi yawan hazon da ke rufe Kano ke tasowa, yana kudu maso yamma da ku, iska na kwashe shi nesa, amma Unyanga ma tana da ranakun ƙurarta. Shi ya sa kwana ukun nan duka za ka fita, kada ka ce sai daren ƙarshe.

Batir biyu sun yi kaɗan. Daren Disamba a hamada da sanyi, sanyi kuma na shanye batir. Ka je da huɗu, waɗanda ba sa aiki su zauna a aljihun ciki kusa da jiki, da caja mai shiga mota. Kowane RAW kusan megabait 25 zuwa 30 ne, hoto 300 a dare ya kusa gigabait 9, don haka memori biyu masu 64. Tocila mai jan haske, domin ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske na sakan ɗaya kuma ya mayar da kai farko. Ka roƙi abokan tafiya su ajiye motoci da wutar shayi a bayan tudu. Takalmi rufaffe, saboda kunama.

Takardar izinin zirga-zirga da maganar izinin ɗaukar hoto a kammala su tun daga Njamena ta hannun masu shirya tafiyar. Kada a nuna kyamara wajen sansanin soja ko shingen bincike, ko da dare ne. Sannan yankin Wadi Dum, tsakanin Faya da Unyanga, inda aka gwabza da sojojin Libiya a 1987, har yanzu da ragowar nakiyoyi a wasu wurare. Duk inda za ka taka da dare, ya zama wurin da ɗan jagora ya kai ka da rana.

Hajiya Mai Lensi

Ƙari ɗaya, ƙanena. Kafin Disamba kana da duhun wata aƙalla sau ɗaya. Koma dam ɗin nan a daren 28 ko 29, ka yi aikin duka daga fokas har kifar da hotuna a kwamfuta, kuma ka koyi inda kowane maɓalli yake ba tare da tocila ba. Kawo mana hoto ɗaya da ba a gyara ba tare da saitinsa, mu duba kusurwoyin lensin mu gaya maka ko f/3.5 zai ɗauke ka ko sai ka rufe zuwa f/4.